Ƙaro, Tawada da Jar Ƙasa

An haife ni a cikin birnin Zazzau, a gidan ƙasa mai zaure biyu, kuma sana'ar da na buɗe ido na tarar ana yi a gabana ita ce zanen riga. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa da rahama, malamin allo ne da sassafe, idan hantsi ya dubi ludayi kuma sai ya koma mai zana wa maɗinka aikin babbar riga. Masu ɗinkin hannu sukan kawo masa yadi an riga an yanka an harhaɗa, ya shimfiɗa shi bisa wani katako a kan cinyarsa, ya tsoma alƙalamin kara a cikin kurtu, ya fitar da aska biyu ko aska takwas a kan aljihu, ya kewaya tambari a ƙirji da kuma baya, ba tare da ma'auni ba, ba kuma tare da abin gogewa ba, domin tawada idan ta sauka a kan farin yadin mutane babu damar a ce an yi kuskure.

Aikina a wancan lokaci shi ne haɗa masa tawada. Nakan kankaro baƙin gindin tukunya a madafar mahaifiyata, in niƙa shi har ya yi laushi kamar kwalli, in jiƙa ƙaro a kasko ya kwana, sa'an nan in gauraya su in tace da tsumma. Idan na kai masa ba ya cewa komai, sai ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan farcen babban yatsansa ya karkata hannun. In ɗigon ya gangara da sauri, ƙaro ya yi kaɗan. In ya tsaya cak yana ƙyalli kamar idon kifi, ƙaro ya yi yawa, kuma rubutun zai tsattsage idan ya bushe. Wanda yake so shi ne ɗigon da zai yi kamar yana shawara kafin ya motsa. Yau shekara fiye da 40 ke nan, kuma har yanzu a kan farcena nake gwada kaurin fenti kafin in kai shi jikin yadi.

Launi kuwa a jikin allon zayyana na fara taɓa shi. Duk lokacin da wani almajiri ya kusa sauka, mahaifina yakan ƙawata masa allo da gidaje da layuka masu sarƙewa, sa'an nan a cike su da ja da rawaya da kore. Ranar da ya fara miƙo mini alƙalami ya ce in cike gidaje huɗu na gefe da ja, hannuna rawa yake yi, na kuma riƙe numfashi har na gama. Ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar na wannan rana ba, kuma ina jin tun daga nan al'amarina ya yanke.

A shekarar 1976, da gwamnati ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka sa ni makarantar boko tare da yaran unguwarmu da yawa. A littattafan makaranta na fara ganin hoton mutum da doki da jirgi an zana su da hannu, sai na kama kwaikwayo da gawayi a bangon bayan gida da kuma kwalin sukari. Na zana motar katako, na zana dawakin hawan sallah da 'yan lifida, har wata rana na zana fuskar wani baƙo da ya kwana biyu a zaurenmu, da rawaninsa da tsagen da ke kuncinsa. Kwalin ya faɗa hannun mahaifina. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran bulala, amma sai ya daɗe yana duban kwalin, sa'an nan ya ce, "Zo nan, yaro. Hannunka ya fi nawa sauri, wannan baiwa ce daga Allah. Amma ka sani akwai magana mai nauyi a kan surar abu mai rai. Ba zan karya maka alƙalami ba. Ka yi karatu, ranar da ka san hukuncin da kanka, sai ka zaɓa da saninka." Ya ninke kwalin ya sa a aljihu, bai sake tayar da zancen ba sai bayan shekaru masu yawa.

A kwalejin horon malamai na haɗu da mutum na farko da ya koya mini zane a matsayin ilimi mai ƙa'ida. Mutumin Gana ne, ɗaya daga cikin ɗimbin malaman ƙasarsu da suka cika makarantun Nijeriya a wancan zamani. Ba mu yi cikakkiyar shekara tare ba, domin a farkon 1983 gwamnati ta ba da umarnin baƙin da ba su da cikakkun takardu su bar ƙasar, shi ma ya tattara ya tafi. Kafin ya tafi ya kira ni ya ba ni ɗan akwatin fentin ruwa mai gida goma sha biyu da burushi biyu, wanda ya riga ya cinye rabin shuɗin cikinsa. Abin da ya bar mini da ya fi akwatin shi ne wata doka da yake maimaita mana kullum, wato mai zane ya dubi abin da yake zanawa sau uku kafin ya dubi takardarsa sau ɗaya. A lokacin na ɗauka na fahimce shi sarai.

Ƙarshen shekarun 1980 na sami shiga sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Tafiyar daga birni ba ta da nisa, amma duniya ce dabam. A can na san cewa sashen ya girmi jami'ar kanta, domin a 1955 aka dawo da shi Zariya daga Ibadan ƙarƙashin tsohuwar kwalejin fasaha da kimiyya, jami'ar kuwa sai a 1962 aka kafa ta. A can kuma na ji labarin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda daga baya aka riƙa kira 'yan tawayen Zariya. Abin da suka tsaya a kai shi ne ɗalibi ya karɓi dabarar da Turawa suka kawo, amma ya haɗa ta da gadon gidansu, kamar yadda Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo. Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin na lura cewa a garinmu aka yi wannan yunƙuri, amma mu 'yan garin, masu zayyana da dagi da zanen bango a ƙofar gida, ba mu cika ganin waɗannan abubuwa a matsayin fasahar da ta cancanci shiga aji ba. Sai da na ga ana kwasar ɗalibai daga Samaru ana kai su kallon tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, sa'an nan na ɗaga kai na dubi bakunan ginin da na sha yin salla a ƙarƙashinsu tun ina yaro.

Marigayi Gani Odutokun yana koyarwa a sashen a zamaninmu, kuma ayyukansa na fentin da ake tsinkawa a kwarara a kan yadi sun buɗe wa da yawa daga cikinmu ido cewa hoto ba dole ne ya zama kwafin abin da kyamara za ta ɗauka ba. Rasuwarsa a haɗarin mota a 1995 ta girgiza duk wanda ya ratsa wannan sashe.

Karatun namu ya faɗo a tsakiyar tsarin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Babangida ta fara a 1986, darajar naira ta faɗi, kayan zane kuwa kusan duka daga waje ake shigo da su. Dole ta sa muka koyi dabaru. Maimakon yadin zane na Turai, sai mu sayi akoko a kasuwar Sabon Gari, kafinta ya haɗa mana firam, mu ɗame yadin da ƙananan ƙusoshi, mu shafe shi da farin fentin gida da aka gauraya da gam ɗin kafinta sau biyu ko uku. Da kananzir muke wanke burushi. Gawayin zane kuwa da kanmu muke yi: a yanka siraran rassa, a cusa su a gwangwani, a rufe a huda murfin, a jefa a wuta har hayaƙi ya daina fita. A cikin wannan neman mafita ne na karanta cewa abin da ke riƙe launi a fentin ruwa na Turawa ba wani abu ba ne illa ƙaro, irin wanda ake tsinkowa a jikin dakwara a dazukan Borno da Yobe da Jigawa a yi lodinsa zuwa ƙasashen waje. Na ajiye littafin na yi shiru. Akwatin da malamina ya ba ni, wanda nake lallaɓawa kamar ƙwai, ashe ɗan'uwan tawadar da nake haɗa wa mahaifina ne. Daga wannan mako na fara ɗebo jar ƙasa da farar ƙasa ina shanyawa, in daka, in tankaɗe da rariyar mahaifiyata, in kwaɓa da ruwan ƙaro. Na karɓo shuni a wurin marina, na karɓo karan dafi a wurin dukawa, na nemi gangamau saboda rawaya. Wasu sun karɓa, wasu sun koɗe bayan 'yan watanni, musamman gangamau da ba ya jure rana. Jar ƙasa kuwa ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Maganar mahaifina ta dawo mini a shekarar ƙarshe ta karatu. A aji mun zana mutane, domin babu yadda za a yi a kammala wannan fanni ba tare da sanin ƙirar jikin ɗan Adam ba. Na zauna da malamai fiye da ɗaya, na karanta hadisan da suka zo da kakkausan gargaɗi ga masu yin sura, na kuma ga yadda malamai suka yi saɓani a kan abin da ke da inuwa da wanda ba shi da ita, da cikakkiyar sura da wadda ba ta cika ba. Ba ni da matsayin yi wa kowa fatawa, kuma ina da abokai masu tsoron Allah da suka ɗauki wata fahimta dabam. Ni dai abin da zuciyata ta natsu da shi shi ne in bar zanen fuska. Mutanen da ke cikin ayyukana daga nesa ake hango su, riga ce da rawani da motsi, dawakin hawan Daushe kuma ƙura ce da launi. Wannan zaɓi ya rufe mini ƙofar da ta fi kowace kawo kuɗi a sana'armu, wato zanen hoton manya da masu neman kujera, kuma akwai shekarun da na ji zafin hakan a tukunyar gidana. Na cike gurbin da rubuta allunan shaguna da na makarantu, har injin buga manyan hotuna da kwamfuta ya zo ya karɓe wannan kasuwa ita ma.

Bayan hidimar ƙasa na kama aikin koyarwa a wata makarantar sakandare ta gwamnati, kuma a koyarwa na shafe fiye da shekara 30. Darasina na farko ga kowane sabon aji bai taɓa canzawa ba. Nakan ɗora ƙwarya a kan tebur in ce kowa ya zana abin da yake gani. Cikin yara 70 ko fiye, da wuya a sami uku da ba za su zana bakin ƙwaryar a kewaye kamar faifai ba, alhali daga inda suke zaune bakin a shafaɗe yake kamar ganyen mangwaro. Sun san bakin ƙwarya a kewaye yake, don haka sanin ne ya riƙe fensirin. Sai in ce kowa ya miƙe hannu sosai, ya rufe ido ɗaya, ya auna faɗin bakin da fensiri yana sa babban yatsa alama, sa'an nan ya juya fensirin a tsaye ya auna zurfinsa. Ajin yakan yi tsit, can sai ka ji wani daga baya ya ce, "Kai! Malam, wallahi ya ninka sau huɗu." Wannan "kai" ɗin shi ne albashina na gaskiya a wannan aiki.

Haka abin yake a wajen launi. Hausa ba ta da talaucin sunan launi, domin muna da ruwan goro da ruwan toka da ruwan ɗorawa da ruwan makuba da algashi da tsanwa da shunayya, kuma yawancinsu daga abin da ido ya gani aka ɗauko su. Amma idan ka tambayi yaro launin bangon ƙasa zai ce ja, launin inuwa kuma baƙi, ya tsaya nan. Wata ranar Laraba da la'asar na fitar da 'yan aji biyu bayan katangar makaranta na ce su dubi inuwar da bishiyar darbejiya ta yi a jikin bango. Duk suka ce baƙa ce. Wata yarinya mai shiru-shiru, 'yar gidan marina, ta matsa kusa ta ƙura ido, sa'an nan ta ce, "Malam, ai ba baƙa ba ce. Kamar yadin da aka tsoma a baba sau ɗaya aka fitar take." Gaskiya ta faɗa, domin inuwar da ke fuskantar sama tana ɗaukar shuɗin sararin samaniya, kuma ni sai da na je jami'a aka gaya mini haka. Ita a bakin karofin mahaifinta ta koya. Yanzu ita ma malama ce, tana kuma zana wa masu rini sababbin fasali.

Ba zan ɓoye ɓacin raina a kan yadda ake riƙon wannan darasi ba. An haɗe zane da kiɗa da wasan kwaikwayo a darasi guda a ƙananan azuzuwan sakandare, a ba shi minti 40, sau da yawa kuma a miƙa shi ga duk malamin da jadawalinsa ke da sarari. A wata makaranta da na yi aiki, na dawo hutu na tarar an mayar da ɗakin zane ma'ajiyar karyayyun kujeru, ayyukan ɗalibai na shekara shida an jibge su a ƙasa ruwa ya jiƙa su. Na kwana biyu ban iya cin abincin kirki ba. Iyaye kuma sukan zo su ce, "Malam, a bar yaron nan ya yi kimiyya, zane ba ya ciyar da gida." Ba na ganin laifinsu, domin na san abin da buhun masara ke ci. Abin da nakan yi shi ne in ciro takardar naira 20 in juya bayanta in nuna musu Ladi Kwali tana ginin tukunya, matar da ta koyi sana'ar a ƙauye, ta shiga cibiyar ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Sa'an nan in gaya musu cewa magini da tela da injiniya da likitan fiɗa duk da ido suke aiki, kuma a ajina ake wasa wannan ido. Wasu sukan yarda, wasu su tafi da yaransu.

Abin da ya fi ba ni kunya kuma ya fi amfanata shi ne ranar da na gane cewa ni ma ƙwaryar nake zanawa a kewaye. Littattafan da muka karanta sun koyar da cewa abu idan ya yi nisa yakan koma shuɗi-shuɗi, kuma na yi shekaru ina sa wa dutsen Kufena wannan shuɗi a duk aikin da na yi, rani da damina. Wata safiya cikin hunturu ina tsaye a bayan ganuwa, na gama yi wa ɗalibai huɗubar su dubi abin da ke gabansu jiya-jiya, sai na dubi dutsen da kyau. Babu shuɗi ko ɗigo a jikinsa. Hazo ya mayar da shi wani launi tsakanin ruwan toka da ruwan ƙasa, gindinsa ya ɓace gaba ɗaya, rana kuma ta zama farin faifai da za ka iya kallo ba ka ƙifta ba. Waɗanda suka rubuta littattafan iskar ƙasarsu mai laima suka kwatanta, kuma sun yi gaskiya a kan ƙasarsu. Sai a ranar na gane abin da malamina na Gana yake nufi. Tun daga lokacin hasken hunturu ya zama babban abin da nake bi. Nakan fita bayan sallar asuba da ɗan littafi da gawayi, in zauna a bakin wata ƙofa ko lungu in yi ta ɗaukar fasali, in rubuta launukan da kalmomi a gefe, sa'an nan Asabar da Lahadi in shiga ɗaki in yi aikin. Lokacin yana da wahalarsa, domin fentin roba yakan bushe a bakin burushi kafin ya isa yadi, fentin mai kuma yakan kwashi ƙura ya yi kaushi, har sai na rataya jiƙaƙƙen buhu a taga. Farar ƙasa da ɗan jar ƙasa da ɗigon shuni su ne suka fi kusantar da ni ga launin hazo, kodayake har yau ban kama shi yadda nake so ba.

Sau ɗaya tak mahaifina ya shiga ɗakin aikina, shekara biyu kafin rasuwarsa, idonsa ya riga ya fara rauni. Na jingina masa wani babban aiki da na yi na fuskar zaurenmu, da zankwayensa da dagin da ke saman ƙofa. Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa yadin, ya ɗora yatsa a kan dagin yana bin zarensa a hankali, yana hawa yana nutsewa. Can sai yatsan ya tsaya. Ya ce, "Nan ka hau sau biyu a jere. Dagi hawa ɗaya ne, nutso ɗaya. Wannan naka in aka ja shi warwarewa zai yi." Na duba, haka ne. An haife ni a ƙarƙashin wannan dagi, na wuce ta ƙasansa sau dubbai, amma daga ka na zana shi. Na ce, "Baba, zan gyara." Ya gyaɗa kai, ya sa hannu a aljihun rigarsa ya ciro wani tsohon kwali da ya yi laushi saboda ninki, ya miƙo mini. Fuskar baƙon nan ce mai rawani. Ya ce, "Na ga abin da ka zaɓa. Allah Ya yi maka albarka."

Yanzu gidajen ƙasa na birni suna ta faɗuwa, ana mayar da su bulo da kwano, kuma maginan da suka iya yaɓen makuba da zanen bango sun ragu ƙwarai. Duk inda na ji za a rushe tsohon zaure nakan je da ɗalibai biyu ko uku mu auna, mu zana, mu bi kowane dagi da yatsa kafin mu sa shi a takarda. Namu zauren ma gara ta cinye azararsa, kuma 'yan'uwana sun yanke shawarar sauke shi, abin da ba zan iya musa musu ba tunda akwai yara a gidan. Na roƙe su su ba ni zuwa ƙarshen hunturu mai zuwa. Na riga na ɗame yadi mai tsawon ƙafa shida, na ɗebi ƙasa daga gindin bangon zauren kansa na daka na tankaɗe, ƙaro kuma yana jiƙe a cikin kurtun mahaifina.